MAJALISAR ƊALIBAI, INA 'YAN MATANMU KE KWANA?

Wai shin jama'a, in tambaye ku mana, mene ne amfanin majalisar da za ta zauna tun bayan la'asar har a kira isha'i, ana ta buga tebur ana "mai girma kakaki, mai girma kakaki," sannan a tashi ba wanda ya ce uffan game da inda 'yan matan da suka zaɓe ta za su sa haƙarƙarinsu a wannan daren? Da ƙungiyoyin ɗalibai na manyan makarantunmu nake, kuma yau ba zan yi kwana-kwana ba, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Ga wanda bai taɓa leƙa irin waɗannan makarantu ba, kamar iyayenmu na Birnin Tsaba da Moriki da Kware, bari in ɗan yi bayani. A jami'a ko foliteknik ɗalibai suna da gwamnatinsu ta kansu. Akwai shugaba da mataimaki, akwai sakatare da ma'aji da mai kula da walwala, sannan ga majalisar wakilai da ake zaɓowa daga sassan karatu, da kakakinta, har da sandar girma irin ta majalisar dokoki. Ana kamfen, ana liƙa fasta, ana jefa ƙuri'a, kuma a makarantu da yawa ɗalibi yana biyan kuɗin ƙungiya a lokacin rajista. Duk abin da ya shafi zaman ɗalibi, ruwa ne, wuta ce, kuɗin makaranta ne, jadawalin jarrabawa ne, ta bakin waɗannan yara yake isa kunnen hukuma. Saboda haka kada wani ya ce mini wasan yara ne. Abin da ake karɓar kuɗin talaka dominsa ya wuce wasa.

Kuma ai tarihi ya nuna ba wasa ba ne. A shekarar 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka ƙara wa ɗaliban jami'a kobo 50 a kan kuɗin abincin yini, sule biyar ke nan a lissafin tsofaffinmu. A kan wannan sule biyar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta girgiza Nijeriya baki ɗaya, rikicin da ake kira "Ali Must Go," wato sai Kanar Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilimi ya sauka. An rasa rayuka a Legas, an rasa a Zariya, gwamnati ta rushe ƙungiyar, sai a 1980 aka kafa NANS a madadinta. Ni ba yabon zubar da jini nake ba, Allah Ya kiyaye. Abin lura dai shi ne, yaran wancan zamani sun san cewa tuwon ɗalibi shi ne aikin ƙungiyarsa na farko.

To ga wani abin kuma da ya fi tsaya mini a rai. A 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda suka mutu a 1978, har tawagar ta ratsa ta cikin Amina Hall, ɗakin kwanan mata, alhali doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a, lokacin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabannin ɗalibai, rigima ta tashi, aka kira 'yan sanda, ranar 23 ga Mayu aka buɗe wuta a Samaru. Gwamnati ta ce mutum 4 suka mutu, a cikinsu har da ɗaliba mace. Ka ji fa, mai karatu. A wancan lokaci ƙofar ɗakin kwanan mata tana da daraja har ta kai a kori ɗalibi saboda ya taka ta. Daga baya gwamnatin Babangida ta fito da doka mai lamba 47 ta 1989 wadda ta rage wa ƙungiyoyin ɗalibai ƙarfi, ta ba hukuma damar rushe su in ta ga dama. Na san da wannan, kuma ina yi wa yaran yanzu uzuri da shi, amma uzuri yana da iyaka.

Shekara 37 bayan Amina Hall, a daren Juma'a 22 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida a ƙaramar hukumar Bunguɗu, inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke kama hayar ɗakuna a wajen makaranta. Suka fasa gidaje, suka kora ɗalibai fiye da 20 cikin daji, galibinsu mata. Sojoji sun ceto wasu, amma na ƙarshensu sai a watan Afrilu 2024 suka ga iyayensu, bayan kusan wata 7. Wata bakwai, jama'a! Mace ce kawai za ta gane abin da ake nufi da budurwa ta yi wata bakwai a daji ba zanen canji. Kuma ba a yi mako biyu da wannan ba, a farkon Oktoba, aka ɗauki ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan haya a wajen makaranta. Abin takaici, ba za a ce ba a ga alama ba, domin kuwa tun a watan Yuni na wannan shekara ɗaliban Gusau suka tare babbar hanya saboda an sace 'yan uwansu. Wannan fita tasu na yaba mata, Allah Ya yi musu albarka. Sai dai tare hanya aikin yini ɗaya ne, rana na faɗuwa kowa ya koma ɗakin hayarsa mai ƙofar langa-langa.

Mu mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi mun fi kowa sanin abin da irin wannan labari ke jawowa a cikin gidaje. Mun ga yadda aka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki a 2019 aka tafi da masu dafa abinci, mun ji na Jangebe a Fabrairun 2021 inda aka kwashi yara 279, mun ji na kwalejin aikin gona ta Bakura a watan Agusta na wannan shekarar. Duk lokacin da aka yi ɗaya, akwai akwatunan 'yan mata da ake sauke su daga kan mota a mayar ƙarƙashin gado. Da ma da ƙyar uwa ta shawo kan malam ya yarda yarinya ta wuce sakandare. Yanzu ya samu hujjar da ba mai iya ja da ita, sai ka ji ya ce, "Mi za ta yi can? Ta zamna gida, ni ba ni da kuɗin fansa." Kuma tsakani da Allah, wa zai ga laifinsa? Foliteknik ta Tarayya tana nan Ƙaura tun 1983, jami'ar Gusau tun 2013, karatu ya zo mana har ƙofar gida, amma tambayar da uba yake yi ba ta canza ba: ina za ta kwana?

Ni a sakandare karatuna ya tsaya, ban taɓa zama a wannan majalisa ba. Amma 'yan mata masu karanta littattafaina suna aiko mini da saƙo, kuma ina da 'yar yayata a wata babbar makaranta da ba zan kama sunanta ba. Da ta zo hutu na zaunar da ita na ce, ke 'yar nan, me wakilanku suka tattauna a wannan zangon? Ta ƙirga mini. An yi zama a kan rigunan da za a buga wa 'yan majalisa. An yi zama a kan wanda za a ba lambar yabo a bikin ƙarshen shekara, wani ɗan siyasa ne mai neman kujera. An yi zama biyu cur a kan tsige ma'aji. Sannan an yi doguwar muhawara a kan suturar ɗalibai mata, har da kafa kwamitin da zai tsaya a bakin ƙofa. Na ce to maganar masauki fa? Sai ta yi dariya ta ce, "Anti, ai su a cikin makaranta suke kwana." Ita kuwa su huɗu ne a ɗaki ɗaya a bayan gari, gidan ba katanga, ruwa sai sun bi 'yan garuwa, in an yi lakcar yamma a ƙafa suke ratsa gonaki bayan magariba.

Kada a juya mini magana, ni ban ce sutura ba ta da muhimmanci ba, ni ma uwa ce. Amma don Allah a dubi yarinyar da ta fito daga Zurmi ko Shinkafi, hijabinta har yana sharar ƙasa, wace dokar sutura take jira? Kuma wanda ya zo da bindiga ƙarfe uku na dare, ya tsaya auna tsawon hijabi ne? An fi son maganar sutura ne saboda ba ta da tsada, ba ta ɓata wa hukuma rai, ba ta taɓa aljihun mai gidan haya, kuma wadda za a hukunta ba ta da bakin ramawa. Inda ƙasa ke da taushi nan kowa ke son gwada fartanyarsa.

Na san abin da za su ce. Za su ce Hajiya, mu ɗalibai ne, ba mu da bindiga, ba mu da kuɗin gina bene, tsaro aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma ban taɓa cewa yaro ɗan shekara ashirin ya je ya tari ɗan bindiga ba. Amma akwai abin da ke hannunku wanda ba ya son ko sisi. Ku ne kuka san kowane gida da ɗalibai ke haya, me ya hana ku rubuta su kaf, wanne ke da katanga, wanne ke bakin daji, mutum nawa ke ciki, ku ajiye takardar a gaban shugaban makaranta da mai unguwa da baturen 'yan sanda, ku karɓi sa hannu, yadda gobe ba wanda zai ce bai sani ba? Me ya hana ku tsaya kai da fata a kan cewa ɗan gadon da ke cikin makaranta a fara ba 'yan matan da suka zo daga nesa, maimakon a bar masu hanya su kama su sayar da tsada, abin da kowa ya san ana yi? Lakcar da ke kaiwa duhu, ai da baki ake roƙon a dawo da ita safe. Ranar rufe makaranta kuwa, wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko Ƙaura zuwa Zurmi ya san ba a sallamar ɗalibi da yamma a ce ya kama hanya. Ko a Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, mutane na tafiya har Funtuwa don su buga waya ɗaya, wa ya fi ƙungiyar ɗalibai cancantar ya tuna wa hukuma cewa duk abin da aka ce a yi ta intanet ya gagari ɗan ƙauye?

Bugu da ƙari, kuɗin ma ba cewa aka yi babu ba. Tun bayan Chibok a 2014 ake maganar shirin kare makarantu, kuma a ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin kashe sama da naira biliyan 144 a kan wannan aiki daga 2023 zuwa 2026. Ga kuma asusun TETFund da ake ganin sunansa a jikin gine-ginen manyan makarantu. Majalisar da ta iya rubuta wasiƙar gayyatar ɗan siyasa ya zo ya karɓi lambar yabo, ai ta iya rubuta masa wasiƙar tambaya: ranka ya daɗe, a cikin wannan kuɗi nawa ya iso makarantarmu, kuma yaushe za a ɗora bulo a kan bulo?

Dalilin da ya sa ba a yi, a ganina, shi ne waɗanda abin ya fi ci ba sa cikin ɗakin. A yawancin ƙungiyoyin nan an yanka wa mace kujerar mataimakiya, kamar yadda ake ware wa amarya kujera a wajen biki, ta zauna ta yi kyau a hoto. In an zo taro ita ce mai raba ruwa da lemo. Wadda kuwa ta yi ƙarfin hali ta ce tana son kujerar shugaba ko ta kakaki, kafin fastarta ta bushe an gama da sunanta: idonta ya buɗe, ba ta da kamun kai, wa zai aure ta. Kuma abin kunya, mu mata muna cikin masu yaɗawa. Haba 'yan uwana! A ƙasar nan fa Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, mata shugabanni, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka zuwa neman ilimi su dawo da su lafiya. Tun wancan zamani an gane cewa tafiyar mace neman karatu tana son mace a gaba mai faɗa a ji. Mu ne yau za mu ce haramun ne yarinya ta miƙe a majalisar makaranta ta ce gidanmu ba katanga?

Iyaye, ku ma da ku nake. Kun yarda ta je, kun sayar da akuya kun biya rajista, sannan a bakin mota ku ce mata, "Ban da shiga harkar ƙungiya." To wa kuke so ya faɗi damuwarta? Yaron da ke kwana kusa da ofishin masu gadi?

Ke kuma 'yata da ke makaranta, ban ce lallai sai kin tsaya takara ba, na san ba kowa ke da wannan zuciyar ba. Amma ƙuri'arki ɗaya daidai take da ta kowane namiji, kuma a lokacin zaɓe su da kansu za su zo har ƙofar ajinku da alewa da fasta suna "Hajiya a taimaka." Ku haɗu ku goma, ku ashirin, 'yan Ƙaura da 'yan Shinkafi da 'yan Zurmi da baƙinmu na wasu jihohi, ku ce masa ya biyo ku bayan magariba ya taka da ƙafarsa har gidan da kuke haya, ya ga hanyar, ya taɓa ƙyauren. In ya dawo, a yi maganar ƙuri'a.