Bidiyon 'yan makarantar Samowa ba wasa ba ne

Wasu na ganin ɓata lokaci ne ɗalibai su riƙa ɗaukar bidiyo cikin aji suna koyar da harshen Samowa ta intanet. Ni ban yarda ba. Wannan ƙasa ta tekun Fasifik ta sami 'yanci daga Niyu Zilan a 1962, amma 'ya'yanta da yawa can suka tafi ci-rani suka zauna. A ƙidayar 2018 harshensu ne na uku a ƙasar, bayan Ingilishi da Maori. Kuɗin da suke aikowa gida ke riƙe da iyalai da dama. To jama'a, jikan da bai iya gaida kakarsa ba, har yaushe zai ci gaba da aike?

Sai dai gaisuwar "talofa" kaɗai ba ta isa ba. Akwai kalmomin girmamawa da ake yi wa matai, shugabannin dangi, magana da su. Malamai su tura yaran wurin tsofaffi tukuna, sannan a kunna kyamara.