Ba babbar lamba ce ya kamata ta zaɓa wa mai waya manhaja ba

A watan Fabrairun 2021, wani mai binciken tsaron intanet mai suna Alex Birsan ya bayyana yadda ya kutsa cikin kwamfutocin kamfanoni sama da 30, ciki har da Apple da Microsoft da PayPal, ba tare da ya saci kalmar sirrin kowa ba. Ya nemo sunayen ƙananan manhajojin da kamfanonin ke ajiyewa a rumbunsu na cikin gida, ya haɗa nasa da irin sunayen, ya ɗora su a rumbunan jama'a irin su npm da PyPI, sannan ya liƙa musu lambar siga mai girman gaske. Kwamfutocin suka ga suna ɗaya a wuri biyu, suka ɗauki mai babbar lamba, a zatonsu shi ne sabo. Allah ya sa mai neman lada ne, ba ɓarawo ba.

Wani zai ce ina ruwan mai Tecno da rikicin Apple? Ai wayarsa ma rumbu biyu ta zo da su daga kwali, Play Store da Palm Store, kamar yadda Samsung ke zuwa da Galaxy Store. Daga baya ya ƙara F-Droid, ga kuma abin da aboki ya turo ta Xender a shagon caji. Tambayar ɗaya ce: idan manhaja ɗaya tana wuri biyu, wa ke da ikon sabunta ta?

Masu Debian da Ubuntu sun daɗe da ba da amsa, kuma amsarsu ta fi dacewa. APT, wato manhajar da ke sauko musu da sauran manhajoji, tana ba kowane rumbu maki. Rumbu na yau da kullum yana da 500, kuma ana duba maki kafin a duba lambar siga. Sai maki ya zo daidai ne babbar lamba ke yin nasara. Mai kwamfuta na iya canza makin a fayil ɗin /etc/apt/preferences. Shi ya sa Debian ta bar rumbunta na backports a kan 100: sababbin kaya na nan, amma ba sa shigowa sai an kira su da suna. Linux Mint kuwa ta ba rumbunta 700 don ya rinjayi na Ubuntu da aka gina ta a kansa, ta kuma ba snapd maki ƙasa da sifili don kada ya shigo ta bayan fage. Wato dai amana ce a gaba, sabunta na biye.

Android ta bi wata hanya. Kowace manhaja na ɗauke da sa hannun wanda ya haɗa ta, kuma waya ba ta yarda a sabunta manhaja da fayil mai wani sa hannun daban. Kariya ce mai kyau, sai dai ba a yi wa mai waya bayani. Saƙon "ba a saka manhaja ba" kawai yake gani, sai ya goge tsohuwar ya saka wadda aka turo masa. A nan ne kariyar ke tashi a banza.

Masu amfani da Termux sun san wannan ciwon kai. Wanda ke F-Droid da wanda ke GitHub sa hannunsu ya bambanta, don haka mai son komawa daga wannan zuwa wancan dole ya goge Termux da duk 'yan rakiyarsa, fayilolinsa kuma su tafi idan bai kwafe su ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, makullin da ake sa wa na GitHub hannu da shi a fili yake, kuma masu Termux da kansu sun yi gargaɗi a kai. Kowa na iya haɗa jabu da makullin, ya ba shi babbar lamba, ya watsa a Telegram, waya kuma ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Akwai ƙorafi mai ma'ana: wanda ya ɗaure manhaja da rumbu ɗaya zai iya jiran gyaran tsaro na kwanaki, musamman a F-Droid da ke sake haɗa yawancin manhajoji da kanta kafin ta fitar. Gaskiya ne. Amma jinkirin kwana uku a hannun wanda aka sani bai kai haɗarin sabuntawar yau daga hannun wanda ba a sani ba, balle a wayar da manhajar banki ke ciki.

Android 14, wadda ta fito a 2023, ta ɗan matso kusa: rumbun da ya fara saka manhaja na iya neman mallakar sabunta ta, wani rumbun kuma ba zai taɓa ta ba sai mai waya ya amince. Matsalar ita ce rumbun ne ke nema, ba mai waya ba. Abin da ya rage wa Google shi ne shafi ɗaya a saituna, inda mutum zai ga kowace manhaja da rumbun da ke riƙe da ita, ya kuma iya canzawa. Kafin nan, a ƙasan shafin bayanin kowace manhaja yawancin wayoyi na nuna inda aka sauko da ita, kuma manhajar banki ce ta farko da ya kamata a duba.