Filin Uwargida: Kwamfutar Gida da Ajiyar Cikinta

Yau zancenmu na kwamfutar gida ne, wadda ta zama kamar adudun uwargida. A cikinta ake adana hotunan biki da na suna, da lissafin adashi, da aikin makarantar yara.

Kadan ta ƙi tashi, kada ki yi gaggawar aika ta wurin mai gyara tukuna. Fara duba wayar wuta, ko ta zauna sosai. Jona cajar waya a wannan soket ɗin ki ga ko akwai wuta. In ta tashi amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, to, duba wayar da ta haɗa shi da akwatin, gama sau da yawa tsintsiya ce ta fizge ta wajen shara.

In kuwa tana cikin aiki sai ta mutu da kanta, galibi zafi ne. Ƙurar hunturu ita ke toshe mata kafofin iska har fankarta ta gaza. Kashe ta, zare waya, ki share kafofin da busasshen burushi mai laushi. Ta ɗorawa a cinya kuma kada a aza ta bisa katifa ko matashi, a sa ta a tebur ko faranti. Da an ɗauke wuta ki zare ta, don wani lokaci wutar kan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya. Amma ƙaramin akwatin ƙarfen nan inda wayar wuta ke shiga, kul kika buɗe shi. Yana riƙe wuta ko bayan an zare.

To, ga muhimmiyar magana. Kwamfuta tana da rumbu, watau faifan da ke ɗauke da dukan ajiyarki. Irin na dā juyawa yake yi, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma duk abin da ke juyawa haka wata rana zai gaji. In kin ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ajalinsa ya kusa, sai ki kashe ta nan take ki nemi gwani ya kwashe abin da ke ciki. Sabon irin ba ya juyawa, shi ma yakan mutu, ba ko sallama. Kwamfuta kuɗi ke saye. Hoton marigayiya kakar yara fa, wace kasuwa za ki same shi?

Manomi ba ya barin irinsa cikin hatsin tuwo. Haka ke ma, duk abin da ba ki son rasawa ya zama kina da shi wuri 3. Ɗaya a kwamfutar, ɗaya a filash ko rumbun da ake jonawa ta waje, ɗaya kuma a wajen gidan, saboda gobara ko ɓarawo. Na wajen nan ko ki kai gidan iyayenki, ko ki sa a intanet, inda Google ke ba mai akawun gigabait 15 kyauta. Ware rana ɗaya kowane mako don kwafewa, sa'an nan ki riƙa buɗe kwafin kina gani ko yana nan lafiya. Da na sani ƙeya ce.

Saura lasifikokin tsohuwar rikodar maigida da ke shan ƙura a ƙarƙashin gado. Kada ki sayar da su ga 'yan gwangwan, da tsohuwar zuma ake magani. Gwada su da batirin tocila mai bolt 1.5. Ki ɗan taɓa bakin wayoyin biyu a kai da gindinsa, in kin ji ƙwas, lasifikar tana da rai. Amma ƙarfin kwamfuta bai isa ya motsa su ba, sai an sa amfilifaya a tsakani. Duba bayansu, za ki ga an rubuta om 4 ko 8, ki gaya wa mai kanti ya ba ki wadda ta dace. Wayar amfilifayar tana shiga kafar nan mai launin kore, ko inda ake sa abin saurare na kunne. Jar waya a wurin ja, baƙa a wurin baƙi, kuma a rage murya kafin a kunna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.