Lafiya Uwar Jiki: Ƙwayar sukari da bororon fata

Abin da ya faru da wani dattijo a nan Zangon Wagadugu shi ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa. Bayan kusan shekara guda da sauya masa ƙwayar ciwon sukari, ƙaiƙayi ya hana shi barci, sannan manyan bororo suka fito masa a cinya da hammata, kamar wanda ya ƙone. Iyalinsa suka ce sammu ne, aka shafe wata biyu ana jiƙe-jiƙe.

Ga asalin lamarin. A bayan ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wani sinadari mai aikin almakashi, wanda aka gano a 1966, ana kiransa DPP-4 ko CD26. Shi ke yanke saƙon da hanji ke aikawa bayan cin abinci domin jiki ya saki insulin. Magungunan da sunansu ke ƙarewa da "gliptin" aikinsu riƙe wannan almakashi: sitagliptin ya samu izini a Amurka a 2006, vildagliptin kuma a Turai a 2007. Magunguna ne masu amfani ƙwarai, kuma da yake ba kasafai suke faɗar da sukari ƙasa sosai ba, likitoci kan zaɓa wa masu azumi su.

To amma almakashin nan yana nan kuma a jikin sojojin garkuwar jiki, inda yake datse saƙonnin da ke kiransu fagen fama. A wasu mutane ƙalilan, galibi tsofaffi, masu shan gliptin, garkuwar kan juya ta afka wa BP180, gam ɗin da ke manne fatar sama da ta ƙasa. Ruwa ya shiga tsakani, bororo ya tashi. Da Faransanci sunan cutar pemphigoïde bulleuse.

Kada wanda ya yanke maganinsa da kansa, domin sukari ba ya jira. A ɗauki kwalin a kai wa likita, ko a je sashen fata na asibitin Yalgado Ouédraogo. Dattijonmu an sauya masa ƙwaya, an ba shi man shafawa mai ƙarfi, fata ta soma kamewa. Abin da ya fi yi masa ciwo kuwa shi ne ware masa kwano da buta da aka yi, alhali cutar ba a ɗaukarta.