Zangon Hutun Iyali A Ingila: Abin Ɗauka Da Abin Bari

 Ya ku malamai da fatake da 'yan kasuwa, yau muna so mu kawo muku labarin wata al'ada ta Turawan Ingila, mu auna ta da ma'aunin hankali da na shari'a, mu ga abin da ya kamata mai hankali ya ɗauka a ciki da abin da ya wajaba ya bari. Al'adar kuwa ita ce ta zangon hutu, watau wani wuri da a ke ginawa a bakin teku, inda magidanci zai kwashi matarsa da 'ya'yansa su je su yi mako guda cikin bazararsu, a ba su ɗakin kwana, a ciyar da su, ba su da wani aiki sai hutawa.

Ku sani, ƙasar Ingila ƙasar sanyi ce. Daga watan Yuni zuwa Agusta ne rana ke yi musu sassauci, yini ya yi tsawo har ƙarfe tara na dare da sauran haske, a kuma rufe makarantun yara kamar mako shida. A da, masu dukiya kaɗai ke morar wannan lokaci. Lebura da ma'aikacin masaƙa in ya bar aiki mako guda, to, ya bar ladan mako guda. In ma ya daure ya tara 'yan kuɗi ya kai iyalinsa bakin teku, sai ya sauka a gidan haya, inda uwar masauki kan kore su waje da sun gama karin kumallo, ta kulle ƙofa, ko ana ruwa ko ana iska, sai lokacin abinci ya sake kewayowa.

An fara kafa zangon hutu tun kafin ƙarni na ashirin. A 1894 wani mai suna Cunningham ya buɗe nasa a tsibirin Man, amma na samari ne kaɗai, a tantuna su ke kwana, kuma an hana giya. A 1906 aka buɗe wani a Caister, shi ma da dokoki masu tsanani. Amma wanda ya mai da abin babbar sana'a shi ne Billy Butlin, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1899, ya yi ƙuruciyarsa tsakanin Ingila da Kanada, ya yi sana'ar wasannin dandali. Shi kansa ya sha wulaƙancin uwar masauki, ya riƙe abin a ransa. A watan Afrilu na 1936 ya buɗe zangonsa na farko a Skegness, a gabashin Ingila, ya ƙara na biyu a Clacton a 1938. A wannan shekara ce kuwa majalisar ƙasar ta yi dokar hutu da lada, wadda ta buɗe hanyar ma'aikaci ya huta mako guda a shekara ba a yanke masa albashi ba. Butlin ya yi shela cewa ladan mako guda ya isa hutun mako guda, ya sa kuɗin mutum daga sule 35 zuwa fam 3, kuma a cikin wannan kuɗi har da ɗaki da abinci da dukan wasanni.

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, hukuma ta karɓe wuraren ta zuba soja, na Skegness ya zama bariki na sojan ruwa. Bayan yaƙi aka mai da su ga mai su, ya ƙara da na Filey da Pwllheli da Ayr, waɗanda soja suka fara zama a cikinsu, daga baya ya gina na Bognor a 1960, da Minehead a 1962, da tsibirin Barry a 1966. Na Filey ya kai yana ɗaukar mutum sama da dubu goma a lokaci ɗaya, watau gari guda sosai.

To, yaya zaman ya ke a wancan zamani? Masauki dai ƙananan ɗakuna ne a jere, layi bayan layi, kamar rumfunan kasuwa, kowane da lambarsa. A ciki akwai gadaje da wurin rataye tufa da ɗan kwanon wanke fuska. A shekarun farko makewayi da wurin wanka na tarayya ne, a ƙarshen layi. Ɗakin ba na zama ba ne, na kwana ne kurum, don an shirya yini duka a waje. Da safe lasifikar zango ce ke tashe kowa, ta faɗi lokacin abinci da abin da za a yi a yinin. Akwai ma'aikata masu jan kwat, waɗanda aikinsu su gai da baƙi, su haɗa wanda bai san kowa ba da jama'a, su lura da yara, su shirya tsere da iyo da ƙwallo. An ce dalilin sa su shi ne, a makon farko Butlin ya ga baƙinsa sun zauna jugum, kowa da iyalinsa, ba mai kula wani. Akwai kuma ɗakin shan magani, da wurin renon jarirai, da ɗakin ibada irin na addininsu. Da dare wasu ma'aikata mata kan bi layin ɗakuna suna saurare, in sun ji kukan jariri sai a sanar da lambar ɗakin a wurin taro, uwa ta taso.

A wancan zamani abinci sau uku ne a yini, a manyan zaure masu ɗaukar ɗaruruwan mutane, kuma saboda yawan jama'a a kan ci rukuni biyu, na farko su tashi na biyu su shiga. Kowane iyali da teburinsa, nan za su zauna har mako ya ƙare, mai kawo musu abinci ɗaya ne. Da safe kunun hatsi da ƙwai da burodi da shayi, da naman alade wanda ya haramta gare mu. Da rana nama da dankali da kabeji, da maraice kuma wani abu mai sauƙi. A shekarun da suka biyo bayan yaƙi, lokacin da a ke rabon abinci da kati a Ingila, har zuwa 1954, baƙo kan zo da katinsa ya miƙa wa masu zango. Abincin ba na sarakuna ba ne, amma yana zuwa kan kari, yana da zafi, yana ƙosarwa.

A nan ne mu ke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani, don a ganinmu nan ne ƙashin bayan al'amarin duka. Matar lebura a Ingila ta wancan zamani ita ce kuku, ita ce mai wanki, ita ce mai reno, daga farkon shekara har ƙarshenta. In an je gidan haya a bakin teku, sau da yawa ita ce za ta je cefane. A zango kuwa, kwana bakwai cur ba ta hura wuta ba, ba ta wanke kwano ba, ta zauna an kawo mata abinci kamar yadda ta saba kai wa wasu. Miji kuma, wanda ya saba fita kafin yara su tashi ya komo bayan sun yi barci, ya zauna da su sau ashirin da ɗaya a kan abinci ɗaya. Wannan shi ne abin da talakan Ingila ya saya da ladan makonsa, kuma mun ce cinikin ya yi riba.

Lalle wani malami zai ce, ina ruwanmu da lahawun Nasara? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu ɓoye ba. A cikin waɗannan zangogi a wancan zamani akwai mashaya, akwai rawar maza da mata a cakuɗe, akwai gasar kyau inda 'yan mata ke jerawa da kayan iyo ana tafa musu. Uwar da a ke saurara wa kukan jaririnta, sau da yawa a wurin rawa ta ke. Wannan duka abin bari ne, babu jayayya. Har Turawan da kansu wasunsu sun ƙi zangon, suna cewa hutun da lasifika ke tashe ka, ta ce maka tashi, ci, yi dariya, ya yi kama da bariki. Amma mai tankaɗe ba ya zubar da gari don ya ga tsaki a ciki. Giya da rawa ba su ne suka hutar da matar lebura ba, tukunyar da aka ɗauke mata ce ta hutar da ita, kuma wannan ba mu sami inda shari'a ta hana shi ba.

Hasali ma, malamai sun fi mu sanin ƙissar Salmanu da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, wadda Buhari ya ruwaito. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa, ya tarar da matarsa cikin ƙazamar tufa saboda mijinta ya juya wa duniya baya. Sai ya sa shi ya karya azumin nafila ya ci abinci tare da shi, ya hana shi tsayuwar dare sai can ƙarshensa, ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai haƙƙin jiki da haƙƙin iyali, kuma Manzon Allah ya gaskata Salmanu. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidi, ya ambata cewa miji mai wadata ya wajaba ya samar wa matarsa mai hidima. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗora musu girki da wanki kamar su ne farillan da aka halicce su dominsu. Ashe abin da Bature ya gano ta hanyar neman riba, mu yana rubuce a littattafanmu tun da daɗewa.

To, mu tambayi kanmu. Falke yana wata biyu a hanya, in ya sauka zango maigida ya ba shi ɗaki, a kawo masa tuwo da ruwan wanka. Malam yana zaure daga asuba har bayan lisha, akushi na fitowa daga cikin gida. Wadda ke cika akushin nan fa, yaushe ne zangonta? Ranar Salla, da kowa ke hutawa, ita ce ranar da ta fi kowace rana wahala a gindin murhu. Mai jaki ya san in bai sauke masa kaya ba ran tafiya zai kwanta a hanya, amma shi wannan mutum bai taɓa lissafa hutun uwar 'ya'yansa ba. Jiki magayi ne, kuma gidan da uwa ta gaji, yara su ke fara ji a jikinsu.

Ga 'yan kasuwa kuma akwai darasi na biyu. Abin da ya jawo wa Butlin jama'a shi ne kuɗi ɗaya bayyananne. Talaka ya san abin da zai biya tun yana gida, ba ya tsoron a ce masa ga kuɗin ruwa, ga kuɗin fitila, ga kuɗin wasan yara. Mai zango kuwa yana sayen nama da dankali da yawa, ya dafa wa dubbai a tukunya ɗaya, ribarsa kaɗan a kan kowane kai amma kawunan da yawa. Da wannan ya zama attajiri har Sarauniya ta ba shi lambar girma a 1964. Sa'an nan ku dubi yadda kasuwar ta juya. Jirgin sama ya yi araha, Turawan Ingila suka koma zuwa Sifen inda rana ba ta yaudara. A 1972 aka sayar da kamfanin, Butlin ya rasu a 1980, a 1983 aka rufe Clacton da Filey. Yau uku suka rage da sunansa, Skegness da Minehead da Bognor. Kuma tun shekarun 1960 aka fara gina ɗakuna masu madafi a ciki, don iyali su dafa da kansu su rage kuɗi. Wannan ya sauƙaƙa wa aljihun miji, amma ya mayar wa mace da tukunyarta, ta bi ta har bakin teku. Duk wanda ya zaɓi wannan, ya sani cewa a kan matarsa ya yi tattalin.

Ba muna cewa a gina irin Skegness a bakin kogin Kaduna ba, ba kuma muna cewa kowa ya ci bashi don hutu ba, gama hutun da aka yi da bashi gajiya ce a ke jinkirtawa. Abin da mu ke kira gare shi yana cikin ikon mafi yawan magidanta. Bayan kaka, in an shigar da amfanin gona, 'yan'uwa uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su sami gida mai faɗi a ƙauyensu, su ɗauki masu dafa abinci da lada na kwana uku ko bakwai. Mata da sashensu, maza da nasu, salla cikin jam'i, a yi karatu da safe wanda mata ma za su ji, yara su yi wasansu a gaban iyayensu, uba ya sa hannu a kwano ɗaya da 'ya'yansa. Wanda bai iya wannan ba, ya ware yini guda a wata, ya sayo dafaffe daga kasuwa, ya ce wa uwargida yau kada ki hura wuta. Muna roƙon limamai da masu wa'azi su riƙa ambaton wannan haƙƙi kamar yadda su ke ambaton haƙƙin miji, don ma'auni ya daidaita.

Allah ya sa mu zama mafi alheri ga iyalanmu, ya ba mu ikon ɗaukar hikima duk inda muka same ta, ya tsare mu daga abin da ba ya so. Wassalamu.