Ɗalibin Lisans da Ɗakin Bincike: Me Ya Sa Ake Jira Sai Mastar?

A shekarar 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin ilimin halayyar ɗan Adam na farko a Leipzig ta Jamus. Tun daga lokacin, ɗalibai ne ƙashin bayan irin waɗannan ɗakuna, su ne masu gwaji, sau da yawa kuma su ne waɗanda ake gwadawa. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka nazarta daga ƙasashen Yamma masu arziki suke. Abin da ake karantarwa da sunan halin ɗan Adam, galibinsa halin ɗalibin Amurka ne.

Wannan giɓi ya shafi masu ilimin harshe kai tsaye. A 1958 Jean Berko ta nuna wa yara zanen wata halitta mai suna na ƙirƙira, ta nemi su faɗi jam'inta, suka yi amfani da ƙa'idar Ingilishi ba tare da an koya musu ba. Jam'in Ingilishi kusan hanya ɗaya yake bi. Na Hausa kuwa rassa gare shi: gida, gidaje, doki, dawaki, littafi, littattafai. Wace hanya yaro ɗan shekara biyar zai bi a Agye ko Gazawa idan aka ba shi kalmar da bai taɓa ji ba? Na Tibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji, inda ake cewa hwari a maimakon fari, zai bi hanya ɗaya da su? Amsar na da nauyi, musamman tun da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Littafin koyon karatu da aka gina ba tare da sanin yadda yaro ke sarrafa harshensa ba zai sa a zargi yaron da daƙiƙanci, alhali laifin na littafin ne.

Masu iya tattara wannan amsa suna zaune a azuzuwan lisans na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. 'Ya'yan waɗannan garuruwa ne, da karin harshen suka tashi, iyaye da masu gari kuma sun san su. Amma da yawansu kan kammala shekara uku ba su taɓa riƙe na'urar ɗaukar murya ba. Wanda ya fita karkara ma, yakan fita ne a matsayin mai cika takardun tambayoyin da wani ya tsara.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne, sai dai gwajin Berko zane da haƙuri yake buƙata, wayar hannu na ɗaukar murya, manhajar Praat kuma kyauta ce. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne lokacin malami.

Saboda haka ya kamata kowane malami mai bincike ya ɗauki ɗalibai biyu ko uku tun daga shekara ta biyu, ya sa su cikin tsara tambaya da nazarin sakamako, ya koya musu neman yardar iyaye kafin a tunkari yaro. A biya musu kuɗin mota, a sa sunayensu a abin da aka buga. Hutun damina mai zuwa ya isa a fara da ƙauye guda a kowace gunduma.