A Shaihu Umar, har mutanen kirkin ma bayi suke saye

Duk wanda ya yi adabin Hausa a sakandare ya san tambayar nan: kawo taurari nagari a littafi kaza, sannan ka kawo miyagu. Yaro zai ja layi a tsakiyar takarda, ya jera waɗannan a dama, waɗancan a hagu, ya ci makinsa. Na duba takardu irin wannan da yawa lokacin da nake koyarwa a ƙasar Gumel, kuma ra'ayina shi ne tambayar tana cutar littafi ɗaya fiye da sauran, wato Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Littafin yana cikin guda biyar ɗin da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, matashin malamin makaranta ne a Bauchi a lokacin, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. A Ruwan Bagaja babu mai ruɗuwa: Alhaji Imam da Malam Zurƙe duk 'yan duniya ne, kowa yana yi wa ɗan'uwansa tsiya, mu kuma muna dariya. Shaihu Umar ne ke zuwa da rawani da carbi, shi ya sa ake karanta shi kamar wa'azi, ana raba mutanen cikinsa gida biyu.

To, bari mu ɗauki na daman. Makau, mijin uwar Umar, mutum ne mai amana, kuma fadawan Kagara sun ƙulla masa sharri saboda hassada har aka kore shi daga gari. Haka ne. Amma wane sharri? An ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo a hari. Wato gaskiyar Makau ita ce duk ɗan Adam ɗin da ya kamo ya miƙa wa sarki, bai rage ko ɗaya ba. Yaro zai rubuta cewa Makau mai gaskiya ne, malami ya sa masa alamar daidai da jan biro, babu wanda ya tambayi daga gidan wa aka ɗebo mutanen.

Abdulkarim ma haka. Balaraben da ya tafi da Umar ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta har ya zama shaihin malami. Ba na musun alherinsa. Sai dai abin da ya kawo shi Kano fataucin bayi ne, kuma yaron da ya tsame ɗaya ne tak daga cikin ayari. Sauran da suka taka Sahara da ƙafa, su ma kowanne akwai uwar da ta haife shi.

Nan ne nake ganin ƙwarewar Ɓalewa, ko da gangan ya yi ko kuwa gaskiyar zamanin ce ta fi ƙarfin alƙalaminsa. Bai tsaya ya tsine wa kowa ba. Umar yana ba ɗalibansa labari a Rauta cikin natsuwar malamai, komai ƙaddara, komai haƙuri. Mai karatu ne aka bar wa aikin ya lura cewa a cikin duniyar littafin, mutum zai iya tsare salla da amana, ya ji ƙan maraya, da safe kuma ya tafi kasuwa ya taya yarinya. A tuna, sa'ad da littafin ya fito a 1934, ba a ma gama soke bauta a dokar Arewa ba, sai a 1936. Cikin masu sauraron karatunsa a zaure akwai waɗanda aka taɓa sayarwa, akwai kuma waɗanda suka taɓa saye.

Mutum ɗaya ce a littafin ba ta ci ribar kowa ba, ita ce uwar Umar. Ta je Fatika ganin iyayenta, aka sace ɗan da ta bari. Mace ce 'yantacciya, da miji, da dangi, kuma da ta rungumi haƙurin da ake ta yabo, babu mai zarginta. Ta ƙi. Ta bi sawunsa zuwa Kano, wanda ya yi mata alkawarin kai ta wurin ɗanta ya ci amanarta, ta wayi gari baiwa a Murzuk, daga nan aka sayar da ita Tarabulus. Shekaru suka cinye ta. Da ta yi ido biyu da Umar, ya riga ya zama babban mutum, ita kuwa saura ƙiris, ba ta daɗe ba ta cika. Sunan ɗan ne a bangon littafin, shi ne kuma a fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, amma wahalar da ta sa labarin ya zama labari ita ta sha.

Abokan koyarwata sukan ce ai shi ke nan, darasin a fili yake: uwa ta sadaukar da ranta, a koya wa yara biyayya. Ban ƙi ba, amma darasin ya yi arha. Idan muka tsaya a kan yabon sadaukarwarta, mun mayar da mutuwarta abin ado, mun kuma ɗora laifin duka a kan mayaudari ɗaya. Mayaudarin bai sayar da ita a daji ba. Akwai kasuwa, akwai dillalai, akwai masu saye da kuɗin halaliyarsu, kuma yawancinsu da za a sa su a takardar jarrabawa, a hannun dama za su faɗo.

Wannan ciniki bai tsaya a littafi ba. Daga nan Gagarawa Tasha zuwa Maigatari ba wata tafiya ba ce, kuma duk wanda yake cin kasuwar Alhamis ya san ba shanu da raƙuma kaɗai ke ƙetare iyakar Nijar ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, Hausawa maƙwabtanmu. A 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Murzuk ɗin da ke cikin littafin tana nan a kudancin ƙasar, a kan hanyar. Wanda ke karɓar kuɗin mota ya haɗa mace da direba ba ya zuwa da ƙaho. Galibi ɗan gari ne, ana gaisawa da shi, yana ba da gudummawa in ana ginin masallaci. In ka yi magana a ce maka ai taimako yake yi, Malam, ba shi ya ce su tafi ba.

Yarinyar da aka koya wa cewa mugu a littafi baƙar fuska gare shi, ba za ta gane irin wannan mutumin ba ran da ya zo gidansu da fara'a. Shi ya sa nake ganin jan layin nan ba ƙaramar hasara ba ce. Ɓalewa ya ba mu littafin da ya fi tambayoyinmu zurfi, mu kuma muna yanka shi daidai awon takardar maki.

Roƙona ga malaman Hausa na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, da masu tsara tambayoyin jarrabawa: in kun zo kan Shaihu Umar a wannan zangon, ku ajiye jerin nagari da miyagu. Ku tambayi yara abin da Abdulkarim ya zo saye a Kano, da adadin hannuwan da uwar Umar ta bi kafin ta isa Tarabulus, sannan ku bar su su yi gardama har a buga ƙararrawa.